Injin Niƙan da Ya Cinye Maganar Ɗiyata

Edita, ina gaishe ka da duk mai karanta wannan shafi. A lokacin da abin nan ya faru ni matar malamin firamare ce a Anka, ina da ɗiya ɗaya tal, ina kuma da baki. Bakin nan kowa ya san ni da shi, tun daga gidanmu har gidan miji. Na gama sakandare, na ɗan zauna Gusau wurin ƙanwar babana, sai na dawo gida ina ganin duk unguwarmu ba wadda ta kai ni wayewa. Ba abin da ke ƙona mini rai irin in ga mace ta sayar da geron gidanta ta je kanti ta sayo gwangwanin abincin jarirai mai hoton ɗan Bature. A gidan suna, a gidan biki, ko'ina na samu mata sai na tsaya musu wa'azi, ina cewa mu da muke noma gero da dawa da gyaɗa da waken suya ba wanda zai zo daga wata ƙasa ya koya mana kunu. Har yau ban canza ra'ayi a kan wannan ba. Kuskurena a wani wuri yake, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Garin kunun yara na fara yi. In soya waken suya da gyaɗa, in haɗa da gero da ɗan dabino, a niƙa, in tankaɗe da rariya mai laushi, in ƙulla a leda. Gidan da muke haya ƙarami ne, saboda haka a gidanmu nake aikin, wurin Inna, mahaifiyata, wadda ke zaune ita da agwaginta tun rasuwar babanmu. Kullum da safe sai in goyo ɗiyata mu tafi, Inna na rainonta ina aiki. Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba a lokacin, amma bakinta ya buɗe da wuri. Inna takan tsokane ni ta ce Allah ya rama mata, ga wadda za ta hana ni sakewa kamar yadda na hana ta. Tana kiran agwagi gwagwa, tana bin su da gudu tana faɗuwa. Tana kirana Mama. In ta shanye kununta kuwa sai ta miƙo kofin da hannu biyu ta ce ƙara. Da na samu aka buga mini takardar da ake liƙawa a jikin ledar, hotonta na sa, baki buɗe tana dariya, haƙoranta huɗu a waje. Na ce in ɗan Bature na tallar gwangwani, tawa ɗiyar za ta yi tallar namu.

Garin ya karɓu fiye da yadda na zata. Wani direba ya fara ɗaukar mini shi zuwa Gummi da Bukkuyum. Matsalar ita ce niƙa. Injin unguwa kowa ke kai nasa, yau garina ya fito da ƙamshin barkono, gobe da tsamin ƙullu, ga layi. Na ƙudura sai na mallaki nawa, kuma na riga na cika baki cewa komai na sana'ata na gida zai zama, har injin, ba zan sayi sabo na waje ba. Direban nan ne ya ce ya san wani inji ƙirar masu waldar nan yankin, mai ƙarfi, yana ajiye a wani ƙauye kan hanyar Dareta, mai shi neman rabuwa yake da shi. Na ce wa mijina Gummi za ni duba inji. Ban san abin da ya sa na yi wannan ƙaryar tun daga farko ba. Ko kuma in ce na sani.

Rana na tsaka muka isa. Duk wanda ya san ƙauye ya san in mota ta tsaya yara ne ke fara yanyame ta. Mu ba yaron da ya fito. Muka shiga gidan da injin yake, ba kaza, ba akuya, ko ƙadangare ban gani a jikin bango ba. Wasu mata biyu na zaune a inuwar rumbu, ba daka suke ba, ba tsinta ba, hannuwansu kan cinya. Na gaishe su, suka amsa ba su ɗago ba. Ƙasar tsakar gidan toka-toka ce, mai laushi fiye da ƙasa, tana kama ƙafa. A kan katanga akwai ƙananan takalman roba an jera su, rana ta cinye launinsu, da gani an daɗe ba a sa su ba. Na tsaya ina kallonsu, sai direban ya kira ni in zo in ga inji, na juya na tafi.

Yana cikin wata rumfa, an lulluɓe shi da tamfol. Mai shi dattijo ne siriri, bai yi mini cikin baki irin na masu sayar da kaya ba. Ya ce asali injin na ƙanensa ne, ƙanen ya bar garin da iyalinsa da suka rage. Na sa yatsa a bakin da gari ke fita, ya fito da ƙura mai ɗan ƙyalli. Na tambaye shi me aka niƙa da shi. Ina so masu karatu su ji wannan da kyau: mutumin nan bai yi mini ƙarya ba. Ya ce a da hatsi ake niƙawa da shi, daga baya aka koma niƙa dutsen zinari da shi, amma an daɗe da dainawa. Ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce sana'a, ban ƙara ba. Ya dube ni kamar zai ce wani abu, ni kuma na riga shi, na ce ai ƙarfe ƙarfe ne, ruwan zafi da omo za su gyara shi. Da za mu tafi ya haɗa mini da tamfol ɗin da wasu buhuna kyauta, ni kuwa har da godiya. Lokacin da ake ɗora injin a mota ɗaya daga cikin matan nan ta miƙe tsaye tana kallon zanen goyon da na yafa a kafaɗa. Ta bi mu da ido har muka tashi.

Kada wani ya ce ban sani ba. Duk ɗan Anka ya san abin da gubar dalma ta yi wa yaran Dareta da Abare a shekarar 2010, lokacin da ake kawo dutsen zinari cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar na shiga abinci da hannun yara. Amma a lokacin ina Gusau, a rediyo na ji. A kaina abin na mutanen ƙauye ne da ba su san tsabta ba, ni kuwa na yi makaranta. Kwana biyu na yi ina wanke injin nan. Na tafasa ruwa, na sa omo, na sa toka, na goge da soso har hannuna ya saɓule. Na wanke tamfol ɗin ma na shanya. Aka kafa injin a ɗakin babanmu da ke kusa da zaure, ya ɗauki ƙyalli, na ce wa Inna a Gummi na samo shi wurin wani mai niƙan masara.

Duk mai injin niƙa ya san ba a fara aiki da hatsin ci in inji ya daɗe a ajiye. Dusa ake fara zubawa ta share cikinsa, ta kwaso tsatsa da datti, sannan a ba dabbobi don kada a yi asara. Haka na yi. Dusar farko ta fito da duhu, ta biyu ta ɗan washe, ta uku ta fito fes. Na ce shi ke nan, ya wanku. Na jiƙa dusar duka na zuba wa agwagin Inna, ɗiyata na tsaye tana tafa musu hannu suna ci.

Ba a ranar suka mutu ba, da a ranar ne da na gane. Shiru suka fara yi. Gidan da hayaniyarsu ke hana mutum jin sallama sai ya koma ana jin kukan kurciya daga gidan maƙwabta. Daga nan fikafikansu suka saki, suna jan su a ƙasa. Sai su yi ta zagaye wuri ɗaya. A ƙarshe sai kowace ta je ta zauna a gindin katangar gabas, baki na fuskantar bango, ba ci ba motsi, ko an kore ta ba za ta tashi ba. Cikin mako guda da 'yan kwanaki ba ko ɗaya. Ɗiyata ta yi ta zagaye gidan tana kiran gwagwa tana leƙa bayan randa. Ni na ce ciwon kaji ne ya shigo gari.

Inna ba ta yarda ba. Ta kira ni ɗakinta, ta ce tun tana yarinya take kiwo, ciwon kaji yakan share kaji ya bar agwagi, ga kajin maƙwabta nan suna yawo lafiya lau. Ta ce ƙanwarta da ke aure can wajen Dareta ta gaya mata cewa a waccan shekarar ta dalma agwagi ne suka fara tafiya, ba wanda ya kula, sannan aka koma kan yara. Ta sake tambayata inda na samo injin. Na kalli tsabar idon uwata na maimaita mata Gummi. Har na ɗora da tsiwa, na ce tsufa ne ya fara sa ta tsoron inuwarta, kuma mutanenmu ke nan, in nasu ya tashi zai yi abin kansa su ne na farkon sare masa gwiwa. Ta daɗe tana kallona. Daga ranar ba ta sake shan kunun ba. Na lura tana yawan wanke wa yarinyar hannu, tana kuma dama mata koko a ɓoye da garin da ta daka da kanta. Da na kama ta na yi faɗa, na ce yaya za a yi mai hoton kan leda ta ƙi shan abin da ke cikin ledar. Allah ya yafe mini, da hannuna na zubar da kokon nan.

Watanni suka shuɗe, sana'a na ci gaba. Injin na ruri tun hantsi, ina shanya soyayyen wake a kan tamfol ɗin nan, ɗiyata na zaune a gefensa tana tsinta tana kaiwa baki. Sau uku take shan kunun a rana. Sai ta fara ciwon ciki da taurin bayan gida, ga rigima ba dalili. Na ce haƙori ne. Ta daina gudu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kalmominta suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, kamar ana kwashe kaya daga ɗaki. Gwagwa ce ta fara tafiya, na ce ai don ba su nan ne. Sai ruwa, sai ta riƙa nuna randa da hannu. Sai kalmar Inna. Wata rana na tsaya gabanta ina cewa ta kira Mama, ta dube ni da ido kamar na baƙuwa. Ranar da na kashe inji na fito na same ta zaune a gindin katangar gabas, fuskarta na kallon bango, hannuwa a sake. Inna na bakin ƙofar ɗakinta tana kallon yarinyar, tana kallona.

Maƙwabta suka ce iska ce, wata ta ce baki ne ya kama ta saboda hotonta da ya bazu kasuwa. Edita, na fi kowa saurin karɓar wannan magana, ni da nake yi wa mata dariya in sun ambaci iska. Na karɓa ne don ta fi mini sauƙi a kan abin da zuciyata ke gaya mini. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi. Yarinyar ta ƙi tuwo, ta ƙi nono, ba abin da take karɓa sai kunun nan, ni kuwa ina murna ko ba komai tana cin wani abu. Kalma ɗaya ta rage mata. Wata safiya da hantsi ta shanye kofinta, ta miƙo mini da hannu biyu suna rawa, ta ce ƙara, a hankali. Na ƙara mata. Ba ta kai rabi ba kofin ya faɗi, idanunta suka juye, jikinta ya sandare ya kama jijjiga.

A asibiti wata nas, dattijuwa, ta tambaye ni ko mijina na haƙar zinari. Na ce malamin makaranta ne. Ta ce ko akwai mai kawo dutse gida, na ce babu. Aka ɗebi jinin yarinyar. Da nas ɗin ta dawo ba ta tsaya a kaina ba, zama ta yi kusa da ni a kan benci. Ta ce dalmar da ke jikin ɗiyata irin ta yaran da ake niƙa dutse a tsakar gidansu ce, in yi tunani da kyau, me ya shigo gidanmu daga ƙauyukan can, ko turmi, ko buhu, ko tabarma. Mijina na tsaye, Inna na jingine da ƙofa. Inna ba ta tona ni ba, jira kawai ta yi. Na buɗe bakin nan nawa da kowa ya sani, na faɗi komai, har takalman kan katanga.

Washegari ma'aikatan lafiya suka zo gidanmu da wata na'ura da suke ɗorawa a kan abu ta nuna ko akwai dalma. Suka ɗora a tamfol, a buhuna, a ƙasar tsakar gida, a garin da na riga na ƙulla. Duk inda suka ɗora ta sai ta nuna dalma, su kalli juna. Aka kira makanike ya kwance injin. A bayan ƙarfen da ke niƙan, inda ruwana da sosona ba su taɓa kaiwa ba, ƙurar dutse ta daskare ta yi tauri kamar siminti, kaurinta ya kai yatsa biyu, tana ƙyalli a rana. Makaniken ya ce duk lokacin da injin ya girgiza sai kaɗan ta ɓantare ta bi gari. Wato duk kofin da na miƙa wa ɗiyata da ɗan rabonsa a ciki.

Mijina bai buge ni ba, bai sake ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne in ɗauko mayafina, akwai 'ya'yan mutane. Muka bi gida gida a Anka, muka bi masu kanti a Gummi da Bukkuyum, ina karɓo garin ina roƙon iyaye su kai yaransu a gwada jininsu. Wata ta zage ni tas, kuma ta yi daidai. Wata ta rufe mini ƙofa. Wata ta riƙe hannuna muka yi kuka tare. An samu dalmar a jikin wasu yaran, aka ba su magani, iyakar sanina ba wanda ya rasu, don su jefi-jefi suke sha, tawa ce ke kwana da tashi a ciki. Amma akwai wata Bafulatana daga wata ruga wajen Nasarawa Burkullu da mai kanti ya ce takan sayi da yawa saboda tagwayenta. Da muka je rugar ta tashi, sai shatin bukkoki. Har yau ban san labarin tagwayen nan ba.

A bayan gari aka haƙa rami aka shimfiɗa leda mai kauri. Aka jefa injin, da tamfol, da buhunan, da ƙasar da aka kankare daga tsakar gidan Inna. A ƙarshe aka juye ledojin garin. Suka zube a kan juna, kowace da fuskar ɗiyata, baki buɗe tana dariya, ta cika ramin tana kallon sama. Na tsaya har aka rufe ta ƙarshe da ƙasa, a lokacin mai fuskar na kwance a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba.

Ta rayu, alhamdu lillahi. An daɗe ana ba ta maganin da ke fitar da dalma, jijjigar ta tsaya, ta koma tafiya. Yanzu ta kai shekarun da sa'o'inta ke aji uku a makarantar da babanta ke koyarwa. Tana ji, tana gane ni, tana murmushi in Inna ta yi mata wasa. Magana ce ba ta dawo ba. Likita ya ce in ci gaba da yi mata hira, kada in yanke ƙauna, amma bai yi mini alkawari ba. Inna ba ta taɓa cewa ai ta gaya mini ba, ko sau ɗaya, da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ba ta kuma sake kiwon agwagi ba.

Ban rubuto don in hana kowa yin abin kansa ba. 'Yan'uwana mata masu man gyaɗa, masu ƙuli-ƙuli, masu yaji, masu garin kunu, ku yi, namu ya fi, ni ma na koma sana'ar bayan shekaru, da injin da aka ƙera a gabana da sabon ƙarfe, kuma sai da na kai garin aka gwada. Amma a wannan yanki namu kada ku ɗauki tsohon inji, ko turmi, ko buhu, ko tamfol, sai kun san abin da ya taɓa ci. Wanki ba ya fitar da dalma, ido ba ya ganinta, harshe ba ya jin ta. In dabbobin gida suka yi shiru ku tsaya ku tambaya. In tsohuwa ta ja ku ɗaki ta yi muku tambaya, ku gaya mata gaskiya. Na yi zaton kishin kayan gida ne ke tura ni, ashe rabinsa son a ce ni ce ne, kuma ba ni na biya ba.

Kullum da safe ni nake dama mata kunu. Takan shanye, ta miƙo kofin da hannu biyu kamar da. Nakan riƙe ludayin in ɗan jinkirta, ina kallon bakinta, ko yau ce ranar. Sai ta dube ni, ta ƙara matso da kofin, ni kuma in zuba mata.